Kek Ɗin Gwangwani

Babu gidan da ba a san gwangwani ba. Da na madara, da na tumatir, da na kifi, kullum ana buɗe su, a juye abin da ke ciki, a jefar da su bayan ɗaki. Yara maza su kan tsince su su ƙera motar wasa, masu sayar da kayan miya su kan auna gishiri da barkono da su, masu alala kuwa ba su da abokin aiki kamarsu. Akwai kuma wani aiki da gwangwani ke yi, shi ne gashin kek. Mace ta kan kwaɓa fulawa da ƙwai da sukari da bota, ta zuzzuba cikin ƙananan gwangwanaye, ta jera su cikin tukunya mai yashi, ta rufe, ta aza bisa wuta. Kafin rabin sa'a ƙanshi ya cika gida, har maƙwabta su fara aiko yara su tambayi ko lafiya.

Waɗansu mutane suna raina wannan aiki ƙwarai. A wurinsu kek na gaske sai wanda ya fito daga obin, watau murhun nan na gashi mai aiki da lantarki ko gas, wanda aka gasa cikin babban faranti aka yanka da wuƙa. Na gwangwani kuwa, in ji su, dabarar talauci ce kawai, da babu gara ba daɗi. Saboda irin wannan magana yarinya ta kan koyi kwaɓin kek a makaranta, ta iya sarai, amma in ta koma gida sai ta naɗe hannu ta ce ai su ba su da obin. Salla ta zo ta wuce, bikin yayarta ya zo ya wuce, ba ta taɓa gwada abin da ta koya ba, har ta manta da shi.

Wannan kuskure ne. Ga irin wutar da ke akwai a yawancin gidaje, ta itace ko ta gawayi, ƙaramin gwangwani ya fi babban faranti dacewa, ba don ya fi araha kaɗai ba. Akwai dalili, kuma ba shi da wuyar ganewa.

Zafi ba ya shiga cikin abu gaba ɗaya. Daga waje ya ke farawa, ya yi ta kutsawa sannu a hankali har ya kai tsakiya. Duk wanda ya taɓa gasa rogo ko dankali a toka ya san haka: ƙaramin ya kan nuna da wuri, babban kuwa sai bayansa ya ƙone ƙurmus cikinsa yana nan ɗanye. To, haka kek ya ke. In kwaɓin yana da yawa cikin babban faranti, zafi zai daɗe bai kai tsakiyarsa ba, lalle ne kuma wutar ta tsaya daidai wa daida har kusan sa'a guda, ba ƙari ba ragi. Obin yana iya wannan, gama yana da abin da ke daidaita masa zafi. Gawayi fa ba ya iyawa, yanzu ya ruru, an jima ya lafa. Amma gwangwanin madara, daga gefensa zuwa tsakiyarsa bai wuce tsawon gaɓa ɗaya da rabi ta yatsa ba. Kafin wuta ta sake hali zafi ya riga ya ratsa shi, kek ya nuna.

Ba sabuwar hikima ba ce. Kakannin kakanni sun san ta, shi ya sa da su ka gina tandar masa ba su yi ta da rami ɗaya babba ba, su ka yi mata ƙananan gurabu. Gurasar Kano ma da a ke mannawa a jikin tanderu, faɗi gare ta, ba kauri ba, don zafi ya kama ta nan da nan. Mai gasa kek a gwangwani hanyar nan ta bi, ko da ya ke abin da ta ke gasawa baƙo ne.

Yashin da a ke zubawa a gindin tukunya, shi kuma mene ne aikinsa? Harshen wuta yana dukan gindin tukunya wuri ɗaya, wurin ya yi zafi fiye da kima. Da za a ɗora gwangwani a kai kai tsaye, da gindin kek ya ƙone kafin samansa ya taso. Yashi ya kan sha zafin nan, ya rarraba shi ko'ina, sa'an nan ya riƙa sakinsa da kaɗan kaɗan. Iskar da ke cikin tukunya ta yi zafi, murfi ya hana ta fita, ita ce ke gasa kek ta kowane gefe. In kuma an zuba 'yar garwashi bisa murfi, zafi ya sauko ta sama ke nan, saman kek ya yi ja. Ashe obin ba wani abu ba ne illa akwati mai riƙe iska mai zafi. Tukunya mai yashi da murfi ita ma haka ta ke, sai dai ba ta jiran a kawo wuta.

Ga yadda a ke yi. A sami ƙwai biyu, da fulawa cikin gwangwanin madara guda, da sukari kashi uku cikin huɗu na gwangwanin, da bota ɗan fiye da rabinsa, da ƙaramin cokali guda na hodar tashi, wadda mata da yawa ke kira baƙar hoda ko da ya ke fara ce fat. Asalin ƙa'idar ita ce nauyin kowanne daga cikin abubuwa huɗun nan, ƙwai da fulawa da sukari da bota, ya zama ɗaya, kamar giram 100 ke nan. Amma gidan da ba sikeli, gwangwanin shi ne ma'auni, shi ne kuma abin gashi.

Da fari a haɗa bota da sukari cikin kwano, a yi ta bugawa da muciya ko babban cokali har su yi fari su yi laushi. Nan ne aikin ya ke, nan ne kuma raggo ke gazawa. Bugun nan yana cusa iska cikin botar, ƙananan kumfa waɗanda ido ba ya gani, su ne za su kumbura in sun ji zafi. Wadda ta yi gaggawa a nan, kek ɗinta zai fito da nauyi kamar ɗanwake. Sa'an nan a fasa ƙwai ɗaya, a buga, a fasa na biyu, a buga. Ya kamata a fara fasa kowane ƙwai cikin wani ɗan kwano dabam, don in ɓaragurbi ne kada ya ɓata sauran kaya. Daga nan a tankaɗe fulawa tare da hodar, a zuba, a juya a hankali har garin ya ɓace, a tsaya. Fulawa ba ta son yawan bugu, gama in ta sha juyi sai ta yi danƙo, danƙo kuwa na burodi ne, ba na kek ba.

Ita hodar, da ta ji danshi da zafi sai ta saki wata irin iska, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Iskar ta shiga cikin kumfan nan ta hura su, kwaɓi ya taso. Ƙwai da fulawa kuma su daskare da zafi, su riƙe shi a tashe. Don haka ne ba a cika gwangwani. A shafe cikinsa da mai, a zuba kwaɓi iyakar rabi, ko ya ɗara kaɗan. Wannan awo ya kan ba da gwangwani biyar ko shida.

Tun kafin a gama kwaɓi a riga an aza tukunya, da yashi mai tsabta busasshe kaurin yatsa biyu, an rufe ta ta yi zafi. Kek yana son zafi kamar digiri 180, watau ya fi na tafasasshen ruwa nesa, gama ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. Wadda ba ta da ma'aunin zafi sai ta barbaɗa ɗan gari a kan murfin gwangwani ta sa cikin tukunyar. In bayan minti biyar ya yi ruwan ƙasa mai haske, wuta ta yi daidai. In ya yi baƙi, a rage wuta. A jera gwangwanaye kada su taɓa juna, kada kuma su taɓa jikin tukunya, a rufe. Sai haƙuri. Yawan buɗewa don leƙe yana fid da zafi, kek ya faɗa tsakiyarsa ya yi rami. Bayan minti ashirin a buɗe, a soka tsinke mai tsabta. In ya fito a bushe, ya nuna. In ya fito da kwaɓi, a ƙara minti biyar.

Ga mai koyo akwai wani alheri kuma. Kowa ya san ranar fari ba a rasa ɓarna. In yarinya ta zuba kayan babban kek ya ƙone, ƙwai shida ko takwas sun tafi, da wuya uwarta ta sake ba ta. Amma da ƙwai biyu tana iya gwadawa. Ta ma iya sa gwangwani guda tukuna ta ga halin wutar, sa'an nan ta sa sauran. Hasarar gwangwani ɗaya ba ta sa a yi wa mutum faɗa. In kuma hannunta ya faɗa, kek ɗin ya fito kansa ɗaya, kowa ya ɗauki nasa ba sai an yanka ba, ba a kuwa cewa na wane ya fi na wane. Mata da yawa da wannan su ka fara sana'a daga cikin gida.

To, amma akwai wata suka da ta fi ta masu raini ƙarfi, ba kuwa daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Wani zai ce, ai ba don gashi a ka yi gwangwani ba, don ajiya a ka yi shi, wa ya san abin da zai fita daga jikinsa ya shiga abinci in ya sha wuta? Wannan tambaya ce ta hankali. Kafin a amsa ta sai a san ko mene ne gwangwani.

Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert shi ya gano cewa in an sa abinci cikin kwalba, a ka toshe bakinta sosai, a ka dafa ta cikin ruwa, abincin zai daɗe bai lalace ba. Ya buga littafi a kan haka cikin 1810. A wannan shekara kuma wani mutumin Ingila, Peter Durand, ya sami takardar izni ta yin haka da mazubin ƙarfe, cikin 1813 a ka buɗe masana'antar gwangwani a Landan. Na farkon kauri gare su ƙwarai, da kurfi da guduma a ke fasa su, gama sai bayan shekara arba'in da wani abu a ka ƙago abin buɗe gwangwani. Jikinsa baƙin ƙarfe ne da a ka murza ya yi falle, a ka shafe shi da farin ƙarfen kuza don kada ya yi tsatsa. Kuzar nan ita ce wadda a ka yi ta haƙa a tsaunukan Jos tun farkon ƙarni na 20, Hausawa da yawa su ka tafi can neman kuɗi, har yau ga tafkunan da haƙar ta bari. Ita kuza sai zafi ya kai digiri 232 ta ke narkewa, zafin kek bai kai nan ba, muddin ba a bar wuta ta yi hauka ba.

Abin lura ba ƙarfen ba ne, shafen da ke kansa ne. Gwangwanaye da yawa na zamanin nan a kan shafe cikinsu da wani ɗan siririn rufi dangin roba, don kada abinci mai tsami, kamar tumatir, ya ci ƙarfen. Wani rufin fari ne, wani ruwan zinariya, wani kuwa garai ya ke ba a ganinsa. An yi shi don ya jure zafin dahuwa cikin tururi sau ɗaya a masana'anta, ba don ya sha busasshen zafi yau da gobe ba, su kansu masu ƙera gwangwani ba su ba da shawarar a yi girki a ciki. Cikin sinadaran da a kan yi rufin da su akwai wani da a ke kira BPA, wanda masana lafiya ke tuhuma, har Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana shi cikin mazuban abinci a ƙarshen 2024. A nan kek ya bambanta da alala. Alala cikin tururi ta ke dahuwa, zafinta ba ya wuce digiri 100, kek kuwa ya kusa ninka haka.

Saboda haka mai suka yana da rabin gaskiya. Amma maganin abin ba a bar gashi ba ne, a iya zaɓen gwangwani ne. A leƙa cikinsa da kyau. Wanda a ka ga farin shafe ko rawaya a ciki, a bar shi ga awon gishiri. A ɗauki wanda cikinsa ƙarfe ne tsantsa yana ƙyalli. Tun da ya ke kuma wani rufin ba ya ganuwa, abin da ya fi shi ne a shimfiɗa takardar gashi a ciki, gindi da gefe, don kada kwaɓi ya taɓa jikinsa ko kaɗan. Takardar ta kan sa kek ya fito salin alin, ba sai an ƙwaƙule shi da wuƙa ba. Amma ban da jarida, ban da takardar littafin makaranta, gama tawada ba abin ci ba ce. Waɗansu su kan jefa gwangwani cikin wuta wai don rufin ya ƙone ya fita. Wannan ya fi barinsa muni: hayaƙin yana da lahani, kuzar ta narke, ƙarfen kuma ya kama tsatsa.

Akwai kuma waɗanda ba a ko shawara a kansu. Gwangwanin fenti, da na man inji, da na maganin ƙwari ko na feshin gona, ba su shiga ɗakin girki, kome wankin da a ka yi musu. Sabulu ba ya fid da dafi daga lungun ƙarfe. Wani fentin yana da dalma a ciki, dalma kuwa ba ta da ɗanɗano ba ta da wari, sai ta taru a jikin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara cikin 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta gauraye da abin da su ke ci da iskar da su ke shaƙa. Gwangwanin lemo shi ma a bar shi, ba shi da kauri, kuma duk cikinsa shafe ne. Haka wanda ya yi tsatsa, da wanda a ka tsinta a juji ba a san abin da ya taɓa zama a ciki ba. Wanda ya kumbura tun ba a buɗe shi ba kuwa, alama ce abincin ciki ya ruɓe da mugun dafi, a yar da shi duka, da shi da abin da ke ciki, ba a ko ɗanɗana.

Wanda a ka zaɓa, a fid da murfinsa ɗungum, a sami babba ya bubbuge bakin da dutse ko guduma har kaifin ya kwanta, gama bakin gwangwani ya fi aska yanka. A ɓare takardar da ke jikinsa, a kankare danƙon, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a shanya ya bushe sarai.

Wuta ita ma tana da nata sharaɗi. Yashi mai zafi ba ya ja, ba ya hayaƙi, kamarsa ɗaya da mai sanyi, ga shi kuwa yana riƙe zafi ya daɗe bayan an sauke tukunya. Kada a juye shi tsakar gida inda ƙanana ke rarrafe. Da tsumma mai kauri busasshe a ke ɗauko gwangwani, jiƙaƙƙe yana kai zafi hannu nan take. Gawayi kuma a waje a ke hura shi, ko inda iska ke shiga tana fita, domin a rufaffen ɗaki yana fid da wata iska marar wari mai sa barci, wanda ya yi barcin nan kuwa ba lalle ne ya farka ba. Yaron firamare yana iya awo, yana iya bugu, yana iya shafa mai, amma azawa da saukewa sai da babba a tsaye.

Wadda ke gashi jefi jefi, ranar salla ko ranar suna, zaɓaɓɓen gwangwani da takarda sun ishe ta, ba ta da abin jin kunya. Amma wadda ta mai da shi sana'a, tana gasawa kowace safiya tana ciyar da 'ya'yan mutane, ita kam ribarta ta fari ba ta zane ba ce. Ya wajaba ta je kasuwa ta sayi ƙananan mazuban gashi waɗanda a ka ƙera musamman don shiga wuta, waɗanda su ma, abin dariya, gwangwanin kek a ke ce da su. Tukunyarta da yashinta suna nan yadda su ke, ba abin da zai sake.

Shi kuwa tsohon gwangwanin madara, da zarar ya fara dushewa ko ɗigon tsatsa ya bayyana a gindinsa, aikinsa a wuta ya ƙare. A huda gindinsa da ƙusa wuri uku, a cika shi da ƙasa da taki, a shuka tumatir ko zogale a ajiye a inuwa har ya isa dashe. In kuma sun taru da yawa, a tara su cikin buhu, 'yan gwangwan suna zagayawa da kurarsu suna saye, su kai inda a ke narka ƙarfe.